Rigimar Gidan Demoulas da Abin da Ta Tono Mini

Duk wanda ya zauna a arewa maso gabashin Amurka, wajen Massachusetts da New Hampshire, ya san Market Basket. Manyan kantuna ne na abinci da kayan masarufi, mallakar gida ɗaya, gidan Demoulas, kuma a yankin da wuya ka sami wanda ya fi su araha. A ɗaya daga cikin rassansu na nemi abinci daga 2010 zuwa 2021. Ina cikin waɗanda suka fito bakin titi a 2014 lokacin da aka kori shugaban kamfanin. 'Yan'uwa a gida sun sha tambayata me ya kai talaka, baƙo kuma, shiga faɗan attajirai. Amsar ta fi ƙarfin hirar waya, shi ya sa na zauna rubuta ta.

Ni Bakano ne. Mahaifinmu da ƙaninsa suna da shago a Kasuwar Singa, suna sayar da sukari da fulawa da shinkafa da sabulu a kan sari. Tare suka fara, tare suke zama, aljihu ɗaya. Babu wata takarda a tsakaninsu, kuma a lokacin da wani ya ce su rubuta da sun ɗauke shi magabci. Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a 1995 ina ƙaramar sakandare. Ranar sadakar uku Baffa ya faɗa a gaban jama'a cewa 'ya'yan Yaya 'ya'yansa ne, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, ya biya mana kuɗin makaranta, buhun shinkafa bai taɓa yankewa ba, kayan sallah ba mu taɓa rasawa ba. Shago ya bunƙasa a hannunsa, ɗaya ya zama uku, ya sayi motocin ɗaukar kaya. Da muka girma yayana ya je masa da maganar rabon gado, sai Baffa ya ce jarin da aka bari bashi ya cinye shi tun shekarar farko, abin da muke gani yanzu guminsa ne. Ya ba mu wani abu da ko kuɗin mota ɗaya daga cikin motocin bai kai ba. Yayana ya so a tafi gaban alƙali. Umma ta ce muddin tana numfashi ba za a ji sunan gidanmu a kotu ba. Maganar ta mutu a baki, amma ba ta mutu a zuciyata ba.

Da wannan ƙullin na shigo Amurka a 2009, ta hanyar bizar nan ta ƙuri'a da 'yan Najeriya ke iya nema a lokacin. Na sauka a Lowell, tsohon garin masaƙu a bakin kogin Merrimack, garin da ke cike da baƙi: 'yan Kambodiya da yawan gaske, 'yan Brazil, mutanen Puerto Rico, da mu 'yan Afirka jefi-jefi. Wani bawan Allah ɗan zangon Kumasi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a shi ya ce mini in je Market Basket in cika takarda. Aikina na farko shi ne tattaro kekunan zuba kaya daga filin ajiye motoci, a tsakiyar hunturu. Wanda ya san sanyin Kano na watan Janairu kawai bai san sanyi ba. Bayan wani lokaci na roƙi manaja ya mayar da ni sashen kayan lambu da 'ya'yan itace, na gaya masa dalilina, cewa ina so in nisanci wajen naman alade. Bai ja magana ba. A nan na zauna har na bar aikin.

Ɗan kasuwa ne ya haife ni, don haka idona bai tsaya kan tumatir da latas kawai ba. Na riƙa lura da yadda ake juya kuɗi a wurin. Sirrinsu ba ɓoyayye ba ne: riba kaɗan, ciniki mai yawa. Kaya ba sa kwana. A wasu manyan kantunan yankin sai ka yi rajista an ba ka kati kafin ka sami rangwame, a Market Basket farashin da ke kan kanta shi ne na kowa. Ba su sa na'urorin nan da mai saye ke lissafa wa kansa kuɗi ba, kowane layi akwai mai karɓar kuɗi da yaron da ke zuba kaya a leda. Da rana ake jera kaya, mutane na cikin sayayya, domin duk wanda ke neman wani abu ya ga ma'aikaci kusa da shi. Idan abu ya zube a ƙasa garin katako ake barbaɗawa a share, kamar a tsohon zamani. Ko shafin intanet na kirki kamfanin bai da shi sai 2017. Kowane reshe yana duba unguwarsa: a namu muna jera doya da rogo da kuɓewa da ayabar suya da ganyayen da 'yan Kambodiya ke miya da su. Kuma a wancan lokacin kamfanin ba ya ɗauke da bashin banki, abin da ya ba shi damar sauke farashi yadda ya ga dama.

Maza muna sa farar riga da maɗaurin wuya irin na Turawa, ko da albasa kake jerawa. A ƙirjin kowa akwai ɗan allo da sunansa da adadin shekarun da ya yi a kamfanin. Za ka ga 25, ka ga 38, ka ga 41. Kusan duk manajan da ka tambaya zai ce maka da zuba kaya a leda ya fara yana ɗan sakandare. Mafi ƙarancin albashi a Massachusetts a lokacin dala 8 ne a awa, amma cikakken ma'aikaci a wurinmu yana farawa da dala 12. Ga kyautar kuɗi da ake rabawa a ƙarshen shekara. Abin da ya fi ɗaure mutane da wurin shi ne asusun rabon riba da aka kafa tun 1963: duk shekara kamfanin na zuba wa ma'aikaci wani kaso a asusun ajiya na tsufa, ba tare da an cire ko sisi daga albashinsa ba. Na san direbobi da mahauta da suka yi ritaya da abin da malamin jami'a zai yi sha'awa.

Tarihin gidan daga bakin wata dattijuwa na fara jin sa, wadda ke aiki a sashen burodi, iyayenta 'yan Girka ne kuma a unguwa ɗaya suka zauna da masu kamfanin. Ita ba ta cewa Market Basket, Demoulas take cewa, kamar yawancin tsofaffin garin. Kakansu, Athanasios Demoulas, wanda Amurkawa suka mayar da sunansa Arthur, da matarsa Efrosini, baƙi ne daga Girka. A 1917 suka buɗe ɗan shago a unguwar Acre ta Lowell suna sayar wa 'yan'uwansu ma'aikatan masaƙa naman rago. A 1954 suka sayar wa biyu daga cikin 'ya'yansu shagon a kan dala 15,000. Su ne George da Telemachus, wanda kowa ke kira Mike. Rabi da rabi suka mallaka, suka mayar da shago ɗaya jerin manyan kantuna, kuma suka yi wa juna alkawari cewa duk wanda ya riga tafiya, na raye zai riƙe masa iyali. A 1971 George ya je hutu Girka da iyalinsa, zuciyarsa ta buga, ya rasu. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu.

Tana kaiwa nan na ajiye cokali, domin na san inda labarin zai nufa.

Mike ya riƙe iyalin ɗan'uwansa, ba su nemi komai sun rasa ba. Kamfani ya yi ta haɓaka a hannunsa. Sai a 1990 matar George da 'ya'yanta suka shigar da ƙara, suna cewa cikin shekarun nan an yi ta sa su sa hannu a takardu, ana janye hannun jarinsu a hankali, har rabinsu ya koma kashi 8 cikin 100. A 1994 kotu ta tabbatar an zalunce su. Mai shari'a Maria Lopez ta ba da umarnin a mayar musu da dukiyar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 500, abin da ya sa suka koma riƙe da kashi 50.5 na kamfanin. Shari'ar ta yi muni ƙwarai. An taɓa ba hammata iska tsakanin 'ya'yan wa da ƙani a harabar kotu, kuma daga baya lauyoyi biyu sun rasa lasisinsu saboda tarkon da suka ɗana wa magatakardan alƙaliyar da alkawarin aikin ƙarya. Mike ya rasu a 2003. Faɗan ya gangaro kan jikoki biyu, dukansu masu sunan kakansu: Arthur S., ɗan George, da Arthur T., ɗan Mike. Girkawa ma suna mayar da sunan kaka kamar mu, harafin tsakiya ne kawai ke raba su.

A ranar na koma gida zuciyata tana tare da Arthur S. ɗari bisa ɗari. Na ga kaina a cikinsa. Ga yaron da aka ci dukiyar ubansa, amma shi uwarsa ba ta hana zuwa kotu ba, kuma ya karɓo haƙƙinsa.

Matsalar ita ce wanda nake gani da idona Arthur T. ne. Tun 2008 shi ke shugabantar kamfanin, duk da ɓangarensu ba su da rinjaye, saboda Rafaela Evans, matar marigayi Evan ɗan George, tana jefa ƙuri'arta a ɓangarensa. Artie T. muke kiransa, kai tsaye, yadda Amurkawa ke kiran babba da sunansa, abin da har yau bakina bai gama sabawa da shi ba. Siririn mutum ne mai saurin tafiya. Yakan shigo reshe ba sanarwa, ya bi sashe-sashe yana gaisawa, ya tambayi wannan jikin matarsa, ya tambayi wancan karatun 'yarsa. Yana zuwa jana'izar iyayen ma'aikata. A tarukan da yake yi da mu yakan maimaita cewa harkarmu ta mutane ce tukuna, abinci na biye. Irin wannan magana kowane shugaba na iya yin ta, kuma ni da na taso a kasuwa ba a saye na da baki. Abin da ya sa na yarda da shi lissafi ne. Lokacin rugujewar kasuwar kuɗi ta 2008 asusun rabon ribar ma'aikata ya yi asarar dala miliyan 46 a hannun jarin Fannie Mae da Freddie Mac, manyan kamfanonin bashin sayen gidaje, shi kuma ya tsaya sai da kamfanin ya cike giɓin daga aljihunsa. A farkon 2014 kuma ya sa rangwamen kashi 4 cikin 100 a kan kusan duk abin da mutum ya saya, har ƙarshen shekara.

Ɗaya ɓangaren suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa yana kashe kuɗin da na masu hannun jari ne ba tare da shawara ba, yana raina hukumar daraktoci, yana ƙulla harkar filaye da kamfanonin da danginsa ke da hannu a ciki. Shi ya musanta cewa an cuci kamfanin a waɗannan harkoki. A 2013 Rafaela Evans ta sauya sheƙa, rinjaye ya koma wajen Arthur S., kuma cikin abubuwan farko da sabuwar hukumar ta yi akwai raba wa masu hannun jari ɗaruruwan miliyoyin daloli. Mu a ƙasa mun karanta wannan a matsayin alama: za a tatse kamfanin, a ci bashi da sunansa, wataƙila a sayar wa wani babban kamfani, farashi ya hau, rabon riba ya tafi.

Ranar 23 ga Yuni 2014 aka kori Artie T. da manyan mataimakansa biyu. Aka kawo mutum biyu daga waje su riƙe kujerar tare, Felicia Thornton da James Gooch, wanda ya taɓa shugabantar RadioShack, kamfanin sayar da kayan lantarki. Kamfanin na da rassa 71 da ma'aikata kimanin 25,000, kuma ba mu da ƙungiyar ƙwadago, ba mu taɓa yi ba. Babu wata yarjejeniya da za ta kare wanda ya ƙi aiki.

Azumi ya kama bayan kwanaki kaɗan. Ranar Juma'a 18 ga Yuli, ana shirin shiga goman ƙarshe, ma'aikatan hedikwata da na sito da direbobin manyan motoci suka ajiye aiki suka taru a Tewksbury, inda hedikwatar take. Dabarar mai sauƙi ce. Mu na rassa ba mu rufe ƙofa ba, muna zuwa aiki kullum, amma idan mota ba ta fito daga sito ba babu abin sayarwa. Sashena ne ya fara mutuwa, domin kayan gwari ba sa jira. Cikin 'yan kwanaki kantocin da nake cikawa da ayaba da tumatir suka zama fayau, muka wanke su, muka goge, muka sake gogewa don rashin abin yi. Nama da kifi suka biyo baya. Ranar Lahadi aka aika wa mutum takwas daga cikin jagororin tafiyar takardar kora har gida, wasunsu sun haura shekara 40 a kamfanin. An yi haka don a tsorata mu, sai ya zama an zuba wa wuta fetur. Washegari taron ya ninka.

Abin da ban taɓa zato ba shi ne masu saye. Su ba albashi suke karɓa ba, kuma ƙaurace wa kantin yana nufin su je inda kaya suka fi tsada. Suka ƙaurace. Sukan je Hannaford ko Shaw's ko Stop & Shop su yi sayayya, su dawo su manna rasit ɗin a gilashin ƙofarmu, don hukumar ta ga kuɗin da ta rasa. Gilashin ya rufe da takardu har ba a ganin ciki. Wata tsohuwa da ke zuwa da sanda ta ce mini fanshonta ba ya kai ta ƙarshen wata idan ba a nan ta saya ba, amma ba za ta taka ƙofar ba sai an dawo da shi. Ciniki ya faɗi da fiye da kashi 90 cikin 100. Alamar tafiyar kuwa 'yar tsanar raƙumin dawa ce da ake ɗagawa a taro, wai don kowa ya miƙa wuyansa.

Idan na tashi aiki nakan ɗauki kwali in tsaya bakin titi da sauran, motoci na wucewa suna mana oda. Azumin kusan awa 17 ne, ga zafin Yuli mai ɗanɗano. Abokan aiki sun lura ba na karɓar ruwan da ake rabawa, da na yi musu bayani sai suka riƙa ajiye mini wuri a inuwa, wani mahauci ɗan Portugal kuma ya ɗauki nauyin duba agogo yana sanar da ni faɗuwar rana, wani lokaci ma kafin ta faɗi.

A cikin waɗannan kwanaki na kira Umma in yi mata barka da shan ruwa, na ba ta labarin tun daga 1917. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "To kai ɗan nan, wanne kake bi a ciki? Ɗan mamacin ko ɗan wanda ya ci?"

Na ce, "Ɗan wanda ya ci, Umma."

Ta yi salati. Ta ce, "Kai da ka yi shekaru ba ka gaida Baffanka?"

Tambayar ta zauna mini har bayan sallah. Mun taso da sanin abin da Alƙur'ani ya faɗa a kan masu cin dukiyar marayu, cewa wuta suke zubawa a cikinsu, kuma ban taɓa shakkar cewa abin da kotu ta samu Mike da shi babban zalunci ba ne. Har gobe haka nake gani. Amma da na zauna na warware zaren, sai na ga abu biyu ne na cakuɗa. Marayun George an biya su tun shekaru da dama kafin wannan rigima, da riba, sun zama masu rinjaye, attajirai ne na gaske. Abin da ake ja a kai a 2014 ba haƙƙin maraya ba ne. Tambaya ce ta wa ke da rabo a cikin shagon da ya kusa shekara 100: masu takardar hannun jari su kaɗai, ko har da matar da ta yi shekara 38 tana yanka burodi da tsohuwar da ke zuwa da sanda? Doka ta ce na farko. Artie T., ko don Allah ko don sanin kasuwa, yana tafiyar da wurin kamar amsar ita ce ta biyu. Kuma ɗa ba ya ɗaukar laifin uba. Ban da haka ni kaina na ci moriyar tsarin nan, da shi na yi aure, da shi na kawo matata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Agusta ya fi Yuli wuya. Babu ciniki, don haka dubban ma'aikatan wucin gadi aka soke musu awannin aiki, kuma yawancinsu ɗalibai ne da baƙi irina da iyaye mata masu riƙe da gida su kaɗai. Waɗannan su ne suka biya farashin tafiyar fiye da kowa, kuma ba a cika ambatonsu ba idan ana ba da labarin. Manoma da masu kawo kifi da burodi da suka dogara da kamfanin su ma sun ji jiki. Sababbin shugabannin suka shirya ɗaukar wasu ma'aikata a Andover, suka sa wa'adin komawa aiki, wa'adin ya wuce ba wanda ya motsa. Sai da gwamnan Massachusetts Deval Patrick da gwamnar New Hampshire Maggie Hassan suka shiga tsakani. Daren 27 ga Agusta aka sanar cewa ɓangaren Arthur S. sun yarda su sayar wa Artie T. da 'yan'uwansa mata kashi 50.5 ɗin nan a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 1.5. Da safe ya hau bayan wata motar a-kori-kura a Tewksbury ya yi wa jama'a godiya. Ni ban je ba, muna reshe muna jiran motar farko. Da ta iso muka yi mata tafi kamar amarya, sannan muka shiga sauke akwatunan ayaba. Waɗanda aka kora duk aka mayar da su.

Kamfanin da bai san bashi ba ya wayi gari da bashin sama da biliyan ɗaya a wuya. Masana da yawa sun ce dole farashi ya tashi ko rabon riba ya ragu. A shekarun da na ƙara yi a wurin kyautar ƙarshen shekara ba ta tsaya ba, sababbin rassa suka yi ta buɗewa har suka kai wajen 90, kuma a ƙarshen 2024 aka sanar an gama biyan bashin.

Na je gida a 2016, kuma na je na gaida Baffa a shago. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Na zauna a kan buhu ina kallon yaran shagon, sun fi 20, wasu tun ina yaro nake ganinsu, yanzu da furfura. Shi ya yi musu aure, shi ya saya wa wasu fili, biyu ya sallame su da jari sun buɗe nasu. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ka yi wuyar gani." Na ce, "Baffa, nisa ne." Bai ɗauko maganar gado ba, ni ma ban ɗauko ba. Ba zan ce na yafe ba, domin haƙƙin ba nawa ni kaɗai ba ne, akwai ƙannena mata da suka fi ni buƙata. Abin da ya canja shi ne a da ina ganin ɓarawo kawai idan na tuna shi, a ranar kuma na ga mutumin da gidaje 20 ke ci a ƙarƙashinsa, kuma shi ne dai wanda ya danne mana namu. Da yayana ya yi nasara a kotu a wancan lokacin aka raba shagon biyu, da mun sami haƙƙinmu, da kuma waɗansu daga cikin mutanen nan sun koma gida hannu rabbana. Wannan bai halatta masa abin da ya yi ba. Umma dai ta ji daɗin gaisuwar, ita abin da ya dame ta ke nan.

Na bar aikin a 2021 saboda ciwon baya, na koma tuƙa motar kai marasa lafiya asibiti. Kuɗin asusun rabon ribata suna nan ajiye. Sayayyar gidana har yau a can nake yi.

A watan Mayun 2025 hukumar daraktoci ta dakatar da Artie T., a Satumba kuma ta sallame shi. Wannan karon ba 'ya'yan baffa ba ne a ɗaya ɓangaren. 'Yan'uwansa mata uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda suka haɗa hannu da shi aka sayi kamfanin a 2014, kuma su ukun a haɗe sun fi shi hannun jari nesa ba kusa ba. Hukumar ta zarge shi da ƙin ba ta bayanan da take nema, da nacewa sai 'ya'yansa za su gaje shi, da shirya wani yajin aikin a ɓoye. Ya musanta, magana ta tafi kotu a jihar Delaware. Motoci ba su daina fitowa daga sito ba, kantoci ba su bushe ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka jagoranci tafiyar 2014 sun tsufa ko sun yi ritaya, kuma yaran da ke zuba kaya a leda yanzu suna firamare lokacin da muke bakin titi.

Dattijuwar nan ta sashen burodi, wadda ta daɗe da yin ritaya, ta kira ni a makon da aka dakatar da shi. Ta ce kwalinta na wancan karon yana nan a gareji, ta tambaye ni ko nawa yana nan. Na ce mata yara sun yi wasa da shi tuni, amma kwali ba ya wuya. In an kira taro ta sanar da ni, in kuma ranar Juma'a ce sai an sauko daga masallaci.